Yadda ake zaɓar tsarin fayil ɗin sauti don ɗauka da kuma kunnawa a fili

Waƙa ta yi daɗi a waya, an ɗora ta a manyan sifikoki wurin biki, sai ta koma kamar ana rera ta a ƙarƙashin ruwa. Uban biki ya leƙo wurin mai kayan sauti: "Malam, wanga sauti mi ya same shi?" Nan take a ɗora wa sifika ko amfilifaya laifi. Sau da yawa kuwa kayan lafiyarsu ƙalau, fayil ɗin ne ya sha matsa tun kafin ya iso fili. An sauke shi daga intanet, an tura ta waya, an sake juya shi a shagon tura waƙoƙi, kowane hannu ya ɗan yage wani abu. Mai ɗaukar tafsiri, da dijen biki, da mai sitidiyo duk suna cin karo da wannan, kuma maganin yana farawa ne daga sanin abin da lambobin da ke jikin na'ura suke nufi.

Lambobi biyu da ke jikin kowace na'urar ɗauka

Makirufo yana mayar da girgizar iska lantarki, na'urar ɗauka kuma tana auna wannan lantarkin sau dubbai a kowane sakan ta rubuta shi da alƙaluma. Lamba ta farko ita ce yawan awon. 44.1 kHz na nufin awo 44,100 a sakan, shi ne ma'aunin faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982. Ƙa'idar ita ce yawan awo ya ninka sautin da ya fi kowane siranta sau biyu. Kunnen mutum yana jin daga girgiza 20 zuwa kamar 20,000 a sakan, kuma yana raguwa da shekaru, don haka 44.1 ya wadatar da kunne. Ana zaɓar 48 kHz ne saboda shi ne na bidiyo. Idan akwai kyamara a wurin, ko ana sa ran ɗora aikin a YouTube, 48 za a sa. 96 kHz kuwa ga wa'azi ko biki cin wuri ne kawai.

Lamba ta biyu ita ce bit, wato zurfin kowane awo. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Kowane bit yana ba da kamar desibel 6 na tazara tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi. Bit 16 ya ba da desibel 96, bit 24 ya ba da 144 a lissafi. Amfanin 24 a wurin ɗauka shi ne sarari: kana iya rage ƙarfin shiga sosai don kada kabbarar jama'a ta fasa sautin, daga baya ka ɗaga shi a kwamfuta ba tare da shuuu ya biyo ba.

Gida uku na fayiloli

Na farko su ne waɗanda ba a matsa ba: WAV, na Microsoft da IBM tun 1991, da AIFF na Apple tun 1988. Abin da na'ura ta auna shi ke ciki, ba ragi. Ingancinsu ɗaya. Bambancin da dije zai lura da shi shi ne AIFF yana riƙe sunan waƙa da na mawaƙi da hoto da kyau, WAV kuwa sau da yawa sai a buɗe shi a wata manhaja a tarar bayanan sun ɓace.

Na biyu su ne waɗanda ake matsawa ba tare da asara ba: FLAC, wanda ya fito a 2001, da ALAC na Apple. Kamar naɗe tabarma ne, idan aka warware ta tana nan yadda take. FLAC yakan rage girman fayil zuwa rabi ko ɗan sama da haka, magana zalla ta fi kiɗa matsuwa.

Na uku su ne masu zubar da wani ɓangare na sauti har abada: MP3, wanda akasarin aikinsa a cibiyar Fraunhofer ta Jamus aka yi kuma ya zama ma'auni a 1993, da AAC na 1997, da Opus na 2012 wanda saƙon murya na WhatsApp ke amfani da shi. Dabararsu ita ce su ƙiyasta abin da kunne ba zai lura da shi ba, misali ƙaramin sauti da ya faɗo daidai lokacin da aka buga ganga, su jefar. A 320 kbps, wato dubun bit 320 da fayil ke ci a sakan, abin da aka jefar kaɗan ne. A 64 an jefar da mai yawa. AAC da Opus sun fi MP3 iya wannan aiki a ƙaramin ma'auni, amma MP3 ne kowace rediyon mimori da sifikar kasuwa ke karantawa.

Abu ɗaya da ya kamata ya zauna a kai: juya MP3 zuwa WAV ba ya dawo da abin da aka zubar. Fayil ya kumbura, sauti yana nan yadda yake. Juya MP3 zuwa wani MP3 kuma kamar yin fotokwafin fotokwafi ne.

Lissafin wuri kafin a sayi mimori

A ninka yawan awo da bit da yawan layi (mono layi ɗaya ne, sitiriyo biyu, hagu da dama), a raba da 8, shi ne bayit a sakan. WAV na 48 kHz, bit 24, sitiriyo yana cin kamar megabayit 17 a minti, wato gigabayit 1 da ɗan ɗoriya a awa. Mono rabin haka, kamar megabayit 518. Irin na CD megabayit 635 ne a awa. MP3 na 320 megabayit 144, na 128 kamar 58, na 64 kamar 29.

Ɗauki tafsirin azumi na awa biyu kullum har kwana 30, awa 60 ke nan. A WAV mono 48/24 zai ci kusan gigabayit 31, a sitiriyo 62. Muryar malami da ta mai jan baƙi da ke fitowa daga mikisa ɗaya ba su buƙatar sitiriyo, sai dai in ana son a raba su, malami a layin hagu, alaramma a layin dama, don a daidaita ƙarfinsu daga baya. Wannan dabara ce mai kyau, domin mai jan baƙi yakan fi malami ɗaga murya nesa ba kusa ba.

Matakan ɗauka

Da farko a goge mimorin, wato a yi masa format, a cikin na'urar da za ta yi ɗaukar, ba a kwamfuta ba. Kati mai gigabayit 32 zuwa ƙasa yakan zo da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabayit 4. Manyan katuna suna zuwa da exFAT, tsofaffin na'urori da dama ba su san shi ba. Sabon kati kuma a gwada shi da manhajar H2testw kafin a amince masa. Jabun kati yana nuna gigabayit 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba, yana karɓar ɗauka kamar gaske, sai an zo saurare a tarar na farko-farko kawai ke buɗuwa.

Na biyu, a saita na'ura a WAV, 48 kHz, bit 24. Ko da MP3 ake bukata a ƙarshe, a WAV za a ɗauka. Tacewa, rage ƙara, yanke tari, duk a kan uwar fayil ake yi, a fitar da MP3 sau ɗaya tak a ƙarshe.

Na uku, a ɗauko sauti daga mikisa da wayar jonawa, wato kebul. Ajiye wayar hannu a gaban lasifikar masallaci yana kwaso amsa-kuwwar bango da fanka da kukan babura, kuma babu tsarin fayil da zai gyara wannan. Mafitar da ta fi kyau ita ce ta aux, wato mafitar gefe ta mikisa, da aka saita ta kada ta bi babban makunnin ƙara, don idan mai kula da mikisa ya ɗaga ko ya rage wa jama'a, ɗaukarka ba ta motsa ba. A nan ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa. Abin da ke fitowa daga mikisa ya ninka na makirufo ƙarfi sosai. Idan aka cusa shi a ramin makirufo, sautin yana fashewa tun a bakin ƙofa, ko da an rage ma'auni ya nuna komai lafiya. A sa maɓallin shiga a kan LINE, ko a kunna PAD mai rage desibel 20. A kuma tabbatar wutar 48V da ake tura wa wasu makirufo a kashe take kafin a jona da mikisa.

Na huɗu, ƙarfin shiga. A sa mai magana ya yi da ƙarfin da zai yi in zance ya yi zafi, ba "gwaji, gwaji" a hankali ba. Ma'aunin ƙarfi da ke allon na'ura, wanda iyakarsa ta sama 0 ce, ya riƙa yawo wajen desibel -18, ƙololuwarsa kada ta wuce -12, iyaka -6. Idan ya taɓa 0, kan sautin ya yanke, kuma wannan ƙarar tana nan har abada. A kashe tsarin da ke daidaita ƙarfi da kansa, domin duk lokacin da malami ya yi shiru sai ya jawo ƙarar janareto sama. Ga magana a kunna matatar da ke yanke ƙasa da 80 Hz, wato girgiza 80 a sakan, tana rage iska da gurnanin inji. Ga tambari ko babbar ganga a bar ta a kashe, nan ne nauyin kiɗan yake.

Sababbin na'urori irin su Zoom F3 suna ɗauka a tsarin bit 32 mai shawagi, wanda ke ba da damar a dawo da sautin da ya haura 0 daga baya. Yana taimakon wanda ke aiki shi kaɗai, amma idan sautin ya riga ya fashe a makirufo ko mikisa, ba abin da zai yi, kuma fayil ɗinsa sai an juya shi kafin yawancin kayan fili su karanta.

Na biyar, wuta. WAV yana da ɗan rubutu a goshinsa da ke faɗin tsawon fayil, kuma na'urori da yawa sai an danna tsayawa suke kammala shi. Idan aka ɗauke wuta ko batir ya mutu ana tsaka da ɗauka, fayil ɗin yakan ƙi buɗuwa ko ya nuna sifili. Shi ya sa ake sa batir a ciki ko da an jona na'ura da fawabanki, kuma ba a zare kati sai fitilar rubutu ta mutu. In abin ya riga ya faru, kada a sake ɗaukar komai a katin. A kwafe fayil ɗin, a buɗe Audacity, manhajar tace sauti, a shigo da shi ta wurin da aka rubuta Raw Data, a faɗa masa awo da bit da yawan layin da aka yi amfani da su. In aka ji shuuu zalla a fayil mai bit 24, a canza lambar farawa, wurin da aka rubuta Start offset, zuwa 1 ko 2 a sake gwadawa, galibi sautin yana fitowa.

Doguwar ɗauka kuma, kamar musabaƙa ko maulidin kwana, na'ura za ta yanka ta gida-gida idan fayil ya kai gigabayit 2 ko 4. Ba lalacewa ba ce. A jera su bi da bi a kwamfuta su haɗe.

Na ƙarshe, a ɗauki sakan 30, a tsaya, a saurara da hedifon mai rufe kunne. Ma'auni ba ya nuna gurnani ko wayar da ke ƙyas-ƙyas.

Yadda za ka gwada bambancin da kunnenka

Ka yanko sakan 30 daga WAV mai kyau, ka zaɓi wurin da ke da kalangu ko kotso, da tafi, da amshi. Ka fitar da shi a MP3 na 128, 192 da 320. Ka ba wani ya riƙa kunna maka su ba tare da ka ga allon ba, a ƙarfi ɗaya, domin wanda ya ɗan fi ƙara kullum shi kunne ke cewa ya fi kyau. Ka saurari bakin bugun ganga: a ƙaramin ma'auni akan ji wani ɗan hazo kafin bugun ya sauka, kaifinsa ya dushe. Ka saurari tafi da caki, sukan koma kamar ruwa na zuba a kwano. Ka saurari haruffan s, sh da ts. Yawancin mutane suna kama na 128 a hedifon mai kyau. Tsakanin 320 da WAV kuwa, kaɗan ne ƙwarai ke iya rabewa in ba su ga suna ba.

Don gane jabun 320, akwai manhajar Spek, kyauta ce. Tana zana hoton sautin. Fayil ɗin da asalinsa 128 ne yakan nuna yanka a miƙe wajen 16 kHz, sama da nan baƙi ƙirin, ko da an rubuta 320 ko WAV a jikinsa. Na 320 na gaske yakan kai wajen 20 kHz.

A fili

Gaskiyar magana, a buɗaɗɗen wuri irin Dandalin Shehu Kangiwa ko filin wasa na Giginya a Sakkwato, da iska da hayaniyar jama'a, ba wanda zai raba MP3 na 320 mai asali da WAV. Dalilan da suka sa ake fifita WAV a fili daban ne.

Na ɗaya shi ne giɓi. MP3 yana tara sauti ne a dunƙule-dunƙule na awo 1,152, kuma wurin haɗa shi ana ƙara ɗan shiru a farko da ƙarshe. A waƙa guda ba a lura. Amma kiɗan da aka yanka don ya riƙa zagayowa a ƙarƙashin mawaƙi, duk zagaye sai ya yi tuntuɓe, masu rawa su rasa ƙafa. Kiɗan rakiya da duk abin da zai zagayo, WAV.

Na biyu shi ne karantuwa. WAV mai bit 16 da 44.1 kHz kusan kowace na'ura mai karɓar WAV tana karanta shi. Mai bit 24 ko 32 ba kowace ba. FLAC ma haka: kwamfuta da manhajar dije ta VirtualDJ suna kunna shi, amma ramin filashi na ƙananan mikisoshi da tsofaffin na'urorin dije sukan tsallake shi kamar babu. Mikisar Behringer X32, da ake gani a manyan taruka, WAV kawai ramin filashinta ke kunnawa, don haka wanda ya zo mata da MP3 sai ya nemi kwamfuta. A kuma tambayi awon da mikisar ke gudu a kai. Idan aka kunna fayil na 44.1 a matsayin 48 ba tare da an juya shi ba, yana ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin 100, murya ta sirance, mawaƙi ya kasa kamo kiɗansa. In dole sai MP3, a fitar da shi a 320 mai ma'auni tsayayye, wato CBR. Mai hawa da sauka, VBR, yana rikita ƙananan na'urori wurin nuna lokaci da tsallakawa.

Sai hanyar da sautin ke bi zuwa mikisa, wadda ta fi tsarin fayil ɓata aiki. Bluetooth yana sake matse sautin a hanya, yana kuma jinkirta shi da abin da yakan haura kashi ɗaya cikin goma na sakan, ga yankewa idan jama'a sun cika tsakani. A yi amfani da wayar jonawa. Wayar kuma ta zama mai ƙaramin kai ɗaya a gefen kwamfuta, manyan kawuna biyu a gefen mikisa, kowane a layinsa. Idan aka sa mai kai ɗaya mai zobe biyu a rami ɗaya na mikisa, mikisar tana ɗebe dama daga hagu, duk abin da ke tsakiya ya ɓace. Alamar ita ce kiɗa na tashi sama-sama, muryar mawaƙi da nauyin ganga sun tafi. Mutane da yawa sun zagi fayil a kan wannan.

Gurnani mai kauri da ba ya tsayawa, na 50 Hz, yawanci daga cajar kwamfuta yake idan tana kan janareto ɗaya da kayan sauti. A zare caja a ji. In ya ɗauke, a sa akwatin DI, ɗan akwatin da ke daidaita sauti don shiga mikisa, tsakanin kwamfuta da mikisa a danna maɓallinsa na raba ƙasa, ko a yi aikin a kan batir.

Tun a gida a saurari kowace waƙa a mono, domin yawancin kayan biki da lasifikokin masallaci a mono suke aiki, kuma wasu kayan kiɗan da aka baza hagu da dama sukan dushe idan an haɗe. A daidaita ƙarfin waƙoƙin su zo kusa da juna, wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙarar waƙa yadda kunne ke jin ta, ya yi, ƙololuwa kada ta wuce -1, don matsa fayil yakan ɗan ɗaga ƙololuwar ta fashe. Ƙungiyar da ke da makaɗa masu bin kiɗan rakiya sai ta sa kiɗan a layin dama a mono, ƙwanƙwasar ƙirga a layin hagu, hagun ya tafi kunnen makaɗi kaɗai.

A kwafe fayilolin cikin kwamfutar kanta maimakon kunna su daga filashi da ke iya gocewa in an taɓa tebur. A ajiye kwafi a filashi biyu masu FAT32, da na uku a waya da aka sa a yanayin jirgi, kada kira ya shigo ta sifika ana tsaka da kamu. Zafin Sakkwato a watan Afrilu yana haura digiri 40, kwamfutar da aka bari a rana tana rage gudu, sauti ya fara sarƙewa. A sa ta a inuwa, a ɗaga ƙasanta iska ta shiga. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke shiga ramukan jona waya, a rufe su da ƙyalle in ba a aiki.

Rabawa da ajiya

Daga uwar WAV da aka tace ake fitar da kowane kwafi. Wa'azi da karatu: MP3 mono na 64 zuwa 96 ya isa, ba ya cinye wa mutane data. Waƙa: MP3 na 192 zuwa sama, ko AAC na 256. Gidan rediyo, ko Rima ne ko wani, a tambaye su abin da suke karɓa, a kai musu WAV in sun yarda, domin sautin zai sake bi ta injinan matsa kafin ya fita iska. YouTube da Facebook su ma suna sake matsawa, a ba su mafi kyawun da ake da shi. Lokacin saukowa daga bit 24 zuwa 16 a kunna dither, wani ɗan shuuu ne da ba a ji wanda ke hana ƙarshen sauti mai rauni yin ƙaiƙayi.

A WhatsApp a tura fayil ta wurin da aka rubuta Document, a haka yana isa yadda yake, har gigabayit 2. Kada a kunna waƙa a sifika a ɗauke ta da maɓallin saƙon murya, wannan an saita shi ne don hira.

Don ajiya mai tsawo a juya WAV zuwa FLAC. Ban da rage wuri, FLAC yana ɗauke da hatimin lissafi a cikinsa da ake iya dubawa a gane ko fayil ya lalace. A ajiye a faifai biyu da ba ɗaki ɗaya suke ba. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan lamba, kamar 2024-03-15_01_tafsir, don su jeru da kansu. A cikin sunan fayil a rubuta k, d, b marasa lanƙwasa, saboda allon ƙananan rediyoyi yana mayar da ƙ, ɗ, ɓ akwatuna ko alamar tambaya. Cikakken suna da haruffansa daidai a sa shi a bayanan cikin FLAC ɗin, tare da sunan wurin da aka yi ɗaukar da na'urar da aka yi amfani da ita.